Bin Sawun Ruwan Farko a Gindin Kufena

A Zariya akwai wani ɗan tsakanin lokaci da ba ya jimawa, daga saukar ruwan farko zuwa ranar da garma da tankin feshi za su shiga gonaki. Yawanci yakan faɗo ne daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni. Kafinsa ƙasa fayau take, sai ƙura da zafin bazara da kan haura digiri 35 da rana tsaka. Bayansa kuwa komai ya yi kore shar, ciyawa ta hau kan ciyawa, ba ka iya raba wannan da waccan. A wannan tsakanin nake rataya jaka in fita da wayata, ina ɗaukar hoton abin da ya tsiro da kansa, wanda ba hannun da ya shuka shi. Ba nisa nake yi ba. Duk inda zan ambata a nan, ɗan acaɓa ko mai keke napep zai kai ka daga Tudun Wada, ka gama yawonka ka dawo gida ka yi azahar.

Bana tun ruwa bai sauka ba na fara. A watan Maris, a wata saura da wuta ta cinye a bayan Wusasa, na tarar da rawaya ta yi fure. Ba ganye, ba kara, ba komai: fure ne kawai mai faɗi, falle biyar, ruwan ɗorawa sosai, zaune daɓas a kan baƙin toka. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani ne ya tsinko ya yar. In ka ɗan tona gefensa za ka ga saiwa mai kauri, cikinta rawaya, wadda masu rini ke amfani da ita tun da can, masu maganin gargajiya kuma ke ba mai ciwon shawara. Watanni biyar ƙasar nan ba ta ga ɗigon ruwa ba, amma ga fure.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan yawo ke nan. Tsirran da ke fara leƙowa, yawancinsu ba ruwan bana ne ya haife su ba. Ajiyar bara suke ci. Suna da albasa ko doya ko saiwa mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, inda wutar daji ba ta kaiwa, inda suka tara abinci da ruwa tun daminar da ta wuce. Gaggawarsu kuma da dalili. Zariya na samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Kafin kaka gamba ta fi mutum tsayi, kyasuwa ta cike duk wani gurbi. Ɗan tsiron da bai wuce taƙi ɗaya ba, in ya tsaya jiran damina ta kankama, ba zai ga rana ba, ƙwarin da ke kai masa garin fure ma ba za su gan shi ba. Don haka yake rigan kowa, ya yi furensa a fili, ya zuba iri, sannan ya bar wa manya wuri.

Da aka yi ruwan farko mai ɗan ƙarfi, ganuwa na fara zuwa, ta wajen Ƙofar Gayan. Ganuwar ta zaizaye, wani wuri ma an ɗebe ƙasarta an yi gini, amma gangarenta da ramin da ke bayanta wuri ne mai kyau ga mai son ganin ƙananan tsiro. Tafasa ce kan gaba, da 'yan ganyenta biyu zagayayyu, dubbai a wuri guda. Ga tsidau yana shimfiɗa, bai yi ƙaya ba tukuna. Ga zaki banza, ga jiji ya huda ƙasa tsinin-tsinin. Ƙwayar tafasa ɓawonta tauri gare shi, shi ya sa ba duka ke tsirowa lokaci ɗaya ba. In ruwan farko ya yi ƙarya, rana ta ƙone na sahun gaba, akwai na baya suna kwance suna jira. Manomi ma ya san wannan yaudarar ta ruwan Afrilu, shi ya sa ba kowa ke garajen fito da irin masara ba.

Ban daɗe a nan ba, domin awakin birni sun riga ni. Amma na ga shamuwa biyu a kan wani rimi, daren ranar kuma shinge ya cika gindin fitilun unguwa, yara na bi da kwanukan ruwa.

Tafiyar da ta amsa sunanta ita ce ta Kufena, dutsen nan da ke kusa da Wusasa. Na tafi da ɗan yayata, wanda ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako. Muna idar da sallar asuba muka fita, muka bi ta Ƙofar Doka zuwa Ɗan Magaji, muka sauka a Wusasa. Daga wajen tsohuwar cocin nan ta ginin ƙasa, wadda aka gina a 1929 lokacin da 'yan mishan suka bar cikin birni suka koma can, muka kama hanyar ƙafa, dutsen na gabanmu, kansa da ɗan hazo. An yi ruwa shekaranjiya da dare, ƙasa ta yi laushi amma ba ta caɓe ba. Wannan shi ne daidai. In ka fita washegarin ruwa, tsiro bai gama fitowa ba, in ka bari ya yi mako, rana ta fara dafa furen.

An zauna a gindin Kufena tun kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu, labarin baka kuma yana haɗa wurin da zuriyar Bakwa Turunku, gidan da Sarauniya Amina ta fito. Ba sai an gaya maka ba. Inda ruwa ya zaizaye ƙasa, tsingaro ne ke fitowa, wani da zane a jikinsa, kwance tare da sabon tsiro. Na ɗauki hotonsu a inda suke, na hana yaron zubawa a aljihu.

Muna cikin wata gona da aka share aka jera tulin taki, na durƙusa ina saita waya, sai na ji gyaran murya. Wani dattijo ne da fartanya a kafaɗa.

"Salamu alaikum, Baba. Sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam. Yauwa, sannunku." Ya dubi wayar, ya dubi jakata. "Malam, awo ake yi ne?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. A gefen gari yanzu, duk baƙon da aka gani yana zagaya gona da waya a hannu, abin da ke fara zuwa ran mai gona shi ne masu yanka filaye. Na ce masa a'a, hoton ciyawa nake ɗauka, na nuna masa na rawaya. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Hoton ciyawa. To me za ka yi da shi?"

"Ajiyewa, Baba. Yara su san sunayensu."

"In dai wannan ne, biyo ni. Kai yaro, bi ta kan kunya, kar ka taka mini gero."

Ya yi binne ashe, geron har ya fara huda ƙasa. Ya kai mu wani ɗan kwari a ƙarshen gonar, inda ruwan da ke gangarowa daga dutse ke kwanciya. A nan albasar kwaɗi ta yi dandazo. Kowace ta fito da kara guda mai kauri, a kansa furanni huɗu ko biyar masu dogon wuya, farare fat, kowane falle da jan layi a tsakiyarsa daga gindi har baki. Da yamma suke buɗewa, su yi ƙamshi cikin dare don jawo manyan malam-buɗe-littafin dare masu dogon baki, rana na yin sama su fara langaɓewa. Mun same su da sauran raɓa a jiki. Dattijon ya ce duk shekara a nan suke fitowa, tun yana yaro, kuma ba ya nome wurin. Albasar dai ba ta ci ba ce, guba gare ta, dangin gadali ce da masu magani suka san yadda suke yi da ita.

A nan na ɓata mafi yawan lokacina, kuma a nan zan faɗi abin da na koya game da ɗaukar irin wannan hoto da waya. Na farko dai, a tsaye ba a samun komai. In ka ɗauka daga sama, furen zai fito a manne da ƙasa, ba a gane tsayinsa. Sai ka sa gwiwa a ƙasa, wani lokaci ma ka kwanta rub da ciki, ka juya wayar kanta ƙasa don idon kyamara ya yi daidai da furen, dutsen ya zame masa bango. Saboda haka tsohuwar riga ake sawa. Kafin ka kwanta kuma ka bubbuga wurin da sanda ka duba da kyau, domin ruwan da ya fito da fure shi ya fito da kunama da kububuwa daga ramukansu. Kada ka ɗaga dutse da hannu, kada ka zura hannu a tsaga.

Sai haske. Daga fitowar rana zuwa hantsi ne lokacin aiki. Farin fure da mai ruwan ɗorawa, in rana ta yi ƙarfi, sukan ƙone a hoto, su zama farin tabo ba zane ba jijiya. Maganinsa ka taɓa furen a fuskar wayar don ta saita a kansa, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. In gefe guda ya yi duhu, farar takarda ta isa: yaron ya riƙe mini fallen littafi a gefen da ba rana, haske ya dawo kan furen. In ranar ce ta yi yawa, ya tsaya ya yi masa inuwa da jikinsa. Zuƙo hoto daga nesa ɓata shi yake yi, gara ka matsa da ƙafarka. Iska kuwa ba ta da magani sai haƙuri, ka jira ta numfasa ka danna. Kuma ka riƙa goge idon kyamarar da bakin riga, don ƙurar aljihu kaɗai ta isa ta sa hoto ya yi dishi-dishi.

Akwai kuma hoton ado, akwai hoton shaida. Na ado shi ne furen kaɗai, wanda za ka tura wa abokai. Na shaida shi ne wanda zai sa wani ya iya gane tsiron: ganye sama da ƙasa, kara, tsiron gaba ɗaya, da wurin da ya fito. Nakan ajiye murfin biro a gefe don a san girmansa. Manhajojin waya masu gane tsirrai suna ƙoƙari a kan furen lambu, amma a kan ciyawar dajinmu sau da yawa kame-kame suke yi. Dattijon nan kuwa kallo ɗaya yake yi ya faɗi suna, ya faɗi dabbar da ke ci da wadda ba ta ci.

Shi ya nuna mana kunnen jaki a gindin wata ɗorawa, ko kuma in ce hanci ya nuna mana, shi ya faɗi sunan. Wani abu ne baƙi-baƙi mai ɗan ja, ya fito daga ƙasa a naɗe, da sanda a tsakiya, ba ganye ko ɗaya. Warin mushe yake yi, ƙudaje da ƙananan buzuzu na ta shige da fice. Warin shi ne dabararsa, da shi yake kiran masu ɗaukar masa garin fure. In ya gama sai ganye guda tak ya fito a kan dogon kara mai dabbare-dabbare, ya baje rassa a sama. Doyarsa na ƙasa ƙaiƙayi gare ta mai tsanani. Dattijon ya ce a shekarun yunwa an ci irinta, amma sai an jiƙa an dafa an zubar da ruwa, an sake, an kuma sakewa. Yaron ya toshe hanci ya ja baya, ya bar ni da takardar.

Muka yi sallama da Baba, ya ce in mun sauko mu biyo ta wajensa, kaɗanyarsa ta fara zubar da 'ya'ya.

Hawan Kufena ba wuya gare shi ba in ka bi inda mutane suka saba bi, sai dai falalen dutse in da danshi santsi yake yi, kuma silifas ba abin hawa ba ne. A wata 'yar inuwa tsakanin manyan duwatsu biyu, inda ganye ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, na sami abin da na fi so in gani: takalmin zomo. Ganye huɗu ne masu faɗi da kauri, kwance lif a ƙasa, biyu na fuskantar biyu, bakinsu da ɗan ja. Daga tsakiyarsu fure guda ya fito, ruwan ɗorawa mai sirkin lemo, da laushin da in ka taɓa sai ya yi tabo. Kowane fure yini ɗaya yake yi, gobe wani ya maye gurbinsa. Masana na kiransa Costus spectabilis, kuma shi ne furen ƙasa na Najeriya. Duk wanda ya taɓa riƙe fasfo ko ya shiga ofishin gwamnati ya ga wurinsa a tambarin ƙasa, a ƙarƙashin ƙafafun fararen dawakan nan biyu, sai dai a zanen ja aka yi shi. Yaron ya haddace sunan tun a firamare don cin jarrabawa, bai taɓa sanin yana fitowa a bayan garinsu ba. Shi ya fi ni ɗaukarsa hoto.

Can sama tsirran dabam suke. Babu ƙasa sai 'yar wadda iska ta tara a tsaga. Akwai dunƙulen wata ciyawa da ke manne da dutse, wadda duk rani take a bushe toka-toka, amma kwana biyu da ruwa ta koma kore, ganyen bara ne ya farfaɗo, ba sabo ba. Akwai tinya da kaurin jikinta, ta fara fitar da ganye a kai. Na gargaɗi yaron kada ya karya, domin farin ruwanta yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa babbar magana ce. Akwai hano, mai ɓawon da ke saɓulewa falle-falle, wanda ya yi furensa tun cikin rani, yanzu yake ganye. Sunansa na kimiyya, Boswellia dalzielii, daga sunan Dalziel aka samo shi, wani likita Bature da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ji su, irin su Baban da muka baro a ƙasa.

A ramukan dutse ruwa ya taru, har talibambam sun ƙyanƙyashe. A kan 'yar ƙasar da ke gefe kuma na ga jan ƙwaron nan na farkon damina, mai laushi kamar an yanko karan-miski, yana tafiyarsa a hankali. Shi ma 'yan kwanaki yake yi a fili ya koma ƙasa.

Daga ƙololuwa kana ganin birni da rimayensa, da Tudun Wada, da Sabon Gari, har can wajen Samaru in gari ya washe. Kana kuma ganin abin da ba ka gani daga ƙasa: yadda jan kwano da shuɗin kwano ke matsowa gindin dutsen, da fararen tabo a jikinsa inda masu fasa dutse suka ci. Ƙarar gudumarsu na tasowa tun da hantsi. Ba na zagin mai fasa dutse, abincinsa yake nema, kuma tsakuwar da ya fasa a harsashin gidajenmu take. Amma ƙasar da ke cikin tsagar dutse ɗaruruwan shekaru ta yi tana taruwa, in an kwashe ta ba a mayarwa.

Mun sauko rana ta fara zafi, muka biya wajen Baba, ya cika wa yaron hula da kaɗanya.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa bakin rafin Kubanni ta wajen Samaru. Fadama ba ta da abin mamaki irin na dutse, don ba ta taɓa bushewa sarai ba. Tofa ta fitar da fararen kawunanta, balasa ta yi shuɗin fure wanda ba ya kai azahar, kwaɗi kuma sun cika wuri da kuka. Gawo kaɗai ya juya wa kowa baya: kowa na ganye, shi yana zubarwa. Ga mai son tabbatar da sunan tsiro, Samaru ce wurin zuwa. Tun 1922 ake binciken noma a can, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma jami'ar na da ɗakin adana busassun tsirrai inda ake kwatanta abin da ka kawo da wanda aka ajiye. A nan ne hoton shaida ke yin rana.

A hanyar dawowa na ga sahun farko na masu feshi, kowa da tanki a baya. Wannan ma ba na ganin laifin manomi. Kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, maganin ciyawa kuwa yini ɗaya ya gama abin da fartanya za ta yi mako a kai. Sai dai maganin bai san tafasa ba, bai san gasaya da lalo da zaki banza ba, waɗanda su ne miya da kwaɗon talaka a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba. Da can mace ta fita bakin gona ta tsinko cikin ƙwarya kyauta. Yanzu sai ta tambaya ko an yi feshi, in ba ta sami mai amsawa ba ta haƙura. Da masu gonaki za su riƙa barin iyaka da gindin itatuwa da kwari ba feshi, yadda Baban Kufena ya bar wa albasar kwaɗi nata wurin, ba buhu ko ɗaya da zai ragu a amfaninsu.

Zuwa tsakiyar Yuni wannan kakar ta wuce. Rawaya ta zama ɗan kurmin ganye da ba mai kallo, albasar kwaɗi ta koma dogayen ganye zalla, kunnen jaki ya daina wari. Na jera hotunan a kwamfuta, kowanne da kwanan wata da wurin da na ɗauka, don baɗi in san ranar da zan koma ko'ina. Wanda ke tafe shi ne gatarin kurege, mai hawa kan wasu tsirrai da ƙugiyar bakin ganyensa, mai fure ja da rawaya a murɗe. Sai damina ta yi nisa yake fitowa, wajen Yuli zuwa Agusta, kuma daga furensa har doyarsa guba ne mai kisa, ga mutum da dabba. Baba ya ce akwai shi a shingen gonarsa ta gabas, in lokaci ya yi zai aiko jikansa ya gaya mini.